Ayun Gurbin Inna Yelwa

Asabar, 8 ga Disamba, 1962. Kebbe.

"Sauke hannun nan, ɗiyag ga! Ba a nuna ta da yatsa."

Inna Yelwa ke nan, har da buge mini hannu da filafili, muna tsakiyar ruwa, sanyi kamar zai tsinke kunne. Nononta na sha lokacin da mahaifiyata ta yi doguwar jinya, saboda haka digirina bai hana ta dukana ba.

"Mai zago kaɗai ka nuni da hannu," in ji ta, tana nufin mashin nan mai igiya na farautar ruwa. "Mu da baki muka yi." Ta turo leɓe wajen burugu, ciyawar ruwan da ke gefen gurbi.

Sai ga hanci, kamar na maraƙi, ya huda ruwa ya yi fuuu ya koma. Can kuma wani ƙarami a gefensa. Ayu da ɗanta. Na karanta ta a littafi, na zana ƙashinta a jarrabawa, ban taɓa ganinta ba sai yau, a bayan garinmu.

Idan kogi ya ja lokacin ɗari, a wannan gurbin mai zurfi take maƙalewa sai damina. Gidan su Inna, Sarkawa masunta, sun kulle gurbin tun kakanni: ba taru, ba zago, kuma ba a faɗa wa baƙo wane ne cikin guraben. Ta ɗebo ruwa a tafin hannu ta ce in sha. Na sha. "To, amana ta shiga cikinki."

Lahadi, 9 ga Disamba. Tambuwal.

A Sikotilan, cikin hunturu, an taɓa zuba mu ɗalibai a jirgin masunta mai kai mutane kallo. Na yi amai har na tuba. Daga ƙarshe wani baƙin tudu ya taso daga teku ya fesa ruwa sama, kifin Annabi Yunusa, ko da yake ba kifi ba ne, shi ma nono yake shayarwa. Wata tsohuwa a gefena ta fashe da kuka. Mutane su shiga wahala don su duba kawai, su koma gida hannu wofi! A lokacin na ɗauka hauka ne irin na ƙoshi. Jiya na gane.

Na ba Maigida labari, ban faɗi wurin ba. Da ma in ina zancen dabbobi yakan saurare ni ne kamar mai jin sanarwar farashin gyaɗa a rediyo. Yau kuwa ya ajiye cokali.

Alhamis, 13 ga Disamba.

Sanyi. 'Yan ajina sun ce ayu aljana ce mai gashi har gadon baya. Na zana ta a allo, sun ce aljanar ta fi kyau. Gaskiyarsu.

Talata, 18 ga Disamba.

Babban baƙo zai zo rangadi daga Kaduna a watan gobe. Maigida ne mai shirya tarba, kuma kowa ya san akwai kujera a Kaduna da yake mafarki har da rana.

Bayan la'asar ya shigo da fara'a. "Malama, mi zai hana mu kai shi kallon ayunki cikin jirgi, awa na Turawanku? In ya gane ta da idonai, sai ya sa hannu a hana farautarta ƙasag ga duka."

Malama. Yau babu zolaya a ciki. Shekara nawa ina jira ya ɗauki karatuna a matsayin wani abu ban da kayan ado na falo. In faɗi gaskiya, na ji daɗi. Na ji daɗi ƙwarai.

Asabar, 29 ga Disamba. Kebbe.

Inna tana gyaran kifi, ba ta ko ɗago ba.

"Mijinki ya sha ruwan?"

Na ce ni na sha, ai ni da shi ɗaya ne.

"Ɗaya?" Ta yi dariya har wuƙa ta faɗi. "Wanga karatu na Ingila da daɗi shike."

Na yi mata bayanin doka, na ce takarda ta fi kulle ƙarfi, gobe in ba ta, wa zai tsare gurbin? Wannan ce ta taɓa ta. Ta ce saboda nono ta yarda, ba saboda takarda ba. Sharaɗi: ba bindiga, ba inji, ba nuni da hannu.

Na ce na ɗauka a wuyana.

Laraba, 9 ga Janairu, 1963.

Na goge madubin hangen nesa. Na shirya jawabi da Turanci, na sake shi da Hausa don kada a ce ina fankama. Jirage uku: mu da Inna, baƙo da Maigida, na uku na abinci. An ɗauko masu tuƙa na ukun daga wajen Yawuri, wai sun fi ƙwarewa. Kai wa Sarkawa masu tuƙi! Na yi masa dariya, shi ma ya yi.

Asabar, 12 ga Janairu.

Sun kashe ta.

Litinin, 14 ga Janairu.

Bari in rubuta yadda aka yi, tun kafin in fara gyara wa kaina labarin.

Mun shiga ruwa da hantsi. Baƙo mutum ne mai fara'a, ga suwaita a ƙarƙashin babbar riga, ya yi ta tambayata ko da gaske a Ingila kare ke kwana a gado. Inna ta bi da mu ta wata hanya mai kwana-kwana cikin burugu, ina jin don kada a riƙe. Jirgin abinci yana bayanmu, an lulluɓe kaya da tabarma, mutum biyu suna zaune kamar an aiko su ta'aziyya.

Muka tsaya. Muka jira. Ruwan gurbin faɗi gare shi, wanda bai sani ba zai wuni yana duban inda ba nan ba. Ni na ga ciyawa tana nutsewa kaɗan-kaɗan, na san tana ƙasa tana ci. Na turo leɓe.

Baƙo ya ce bai ga komai ba.

"Malama, ranka ya daɗe bai gani ba. Nuna mai."

Na sake turo leɓe. Baƙo ya ƙyalƙyale: "'Yar jami'a da turo baki kamar mai tallan nono?" Aka yi dariya har jirgi ya karkata.

"Da hannu mana," in ji Maigida, a hankali, yana murmushi. "Kada ki ba mu kunya."

Kunya. Da ita ya kama ni, ya san inda take. Na ji Inna ta ja numfashi a bayana. Na ɗaga hannu. Na miƙe yatsa sosai, yadda nake nuna abu a allo.

Tabarmar abinci ta tashi. Babu abinci.

Ban san zago yana da ƙara ba. Ita ce ba ta yi ƙara ba. Igiya ta yi ta gudu, ruwa ya canza launi, baƙo yana tafi yana cewa madalla. Da suka jawo ta gaɓa, nono yana zuba daga ƙarƙashin hannunta. Wani ya ce a tara, magani ne.

Inna ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Ta juya jirgi ta kai ni bakin ruwa, ta riƙe shi da filafili don kada in jiƙe.

"Sauka, Malama."

Tun da aka haife ni ba ta taɓa ce mini Malama ba.

Talata, 15 ga Janairu.

Na tambayi Maigida tun yaushe ya shirya abin. Bai ko wahalar da kansa da ƙarya ba, wannan kam na yaba masa. Tun a Kaduna baƙo ya ce yana son man ayu da fatar, an daɗe ana yi masa alkawari. Yawurawan sun yi kwanaki suna shawagi a guraben Kebbe ba su samu ba, Sarkawa kowa ya ce bai sani ba.

"Nama ne, Malama, halal. Kin ga ko ke ba ki hwaɗi wurin ba. Nuni kawai kinka yi."

Na ce dokar fa?

"Za a duba."

Wato ranar da ya ajiye cokali, ni ce abincin.

Juma'a, 18 ga Janairu.

Yaya Hinde, yayarsa, ta zo da kwalba a ƙulle cikin gyale, tana rufe ƙofa kamar ta kawo zinariya.

"Ƙanena yac ce a ware miki. Amarya, kin san mi a wannan? Mata na sai da awaki su samu cokali guda! Ki riƙa shafawa, miji ba shi kallon kowa sai ke."

Na ce na gode, Yaya, ai kallon da ya yi mini ya isa.

"Ho 'yar boko! Ko godiya sai da yaji."

Ba ta da laifi. Na ajiye kwalbar a kan kabad. Farin mai ne, ya daskare da sanyi. Ban iya cin abinci a ɗakin ba.

Litinin, 21 ga Janairu.

Ya samu kujerar. Gida cike da masu barka, ni ma ana yi mini. Wai bayan kowane babban mutum akwai mace.

A kasuwa na tarar da wata mai kifi daga Kebbe. Da ta gane ni sai ta rufe kwandon. Na ce ba saye na zo ba, ɗan ayun fa? Ta dube ni ta dube ni.

"Shina nan. Shina ta zagaye. Inna Yelwa na yanka mai burugu tana zubawa, ko shi ci. Ita ɗai, da ƙafag ga tata mai ciwo."

Na sayi lauje a hanyar dawowa. Ban san me zan yi da shi ba. Maƙerin ya tambaya ko na yaron gida ne, na ce e.

Alhamis, 24 ga Janairu. A cikin motar Kebbe.

Rubutun zai karkace, hanya ce.

An ɗaure kayan Kaduna, Asabar za a tashi. Na ce zan je Kebbe kwana biyu in yi sallama. Ya ce ya dace, in gaishe da tsohuwa, har ya ba da goro a kai mata. Goron yana kan tebur. Kwalbar kuma na ɗora ta a kan akwatinsa, can za ta fi amfani.

Ba lallai Inna ta yi mini magana ba. Ba lallai ɗan ya kai damina ba, na san abin da littafi ya ce game da wanda bai gama shan nono ba. Yankan ciyawa dai ba ya bukatar a yi wa mutum magana.

Kwana biyu na ce. Ban san dalilin da ya sa na ɗauko littattafaina duka ba, da bargon Sikotilan, da tukunyar mahaifiyata. Yaron mota yana ta mita.

Abdulkarimu. Ashe haka sunan Maigida yake a rubuce. Shekara huɗu ina kauce masa ko a nan, don kunya.

Yana waya da Kaduna lokacin da na fito, ya ɗaga mini hannu bai juyo ba. Ƙofar falon nan da ma takan koma da kanta in ba a riƙe ta ba. Ban riƙe ta ba.