Kunnen Inna Yana Cikin Kwamfutarki

Zuwa ga Dakta Rabi'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya karatu, ya sanyin ƙasar da kike? Na sa miki Dakta ne don na ga haka ake rubuta sunanki yanzu. A gidanmu na Ƙofar Kwaya kuwa har gobe Rabi ce ke, wadda muka tashi muna cin tuwo kwano ɗaya. Na rubuto a nan inda kowa zai gani saboda saƙonnina na waya kina buɗe su, alama tana nunawa, amma sau ɗaya kika amsa.

Kin san mahaifiyata Inna ta fi shekara talatin tana koya wa matan aure karatun Alƙur'ani a tsakar gida. Aikinta saurare ne. Mace ta karanta, Inna ta tsayar da ita inda ta kuskure. Da kunnenta ya yi nauyi muka sayo mata na'urar ji. Na'urar lafiya lau, sai dai robar da ke shiga cikin kunne ta kowa da kowa ce, kunnen Inna kuma ƙarami ne. Da ta sa hijabi sai abin ya kama fito, ɗalibai su yi ta danne dariya. Ta cire, ta rufe makaranta.

Sai ga ki da bincikenku. Kika ce za ku ɗauki siffar cikin kunnen mutum da wata na'ura, ku ba wani inji ya ƙera roba daidai da shi, ku gani ko ta fi ta kanti. Dattawa kuke nema, dattawan unguwa kuma sun ƙi. Kin san idan Malama ta yarda sauran za su biyo. Lissafinki bai kuskure ba.

Ina tuna ranar. Inna, wadda ni kaina ban cika ganin gashinta ba, ta ture ɗankwali gaban abokin aikinki namiji. Abin da ta ce kawai, “Tunda ɗiyata ta kawo shi.”

Takardar amincewa shafi shida ce, da Turanci. Ni nake fassara mata. Da muka kai shafi na huɗu kika dafa takardar kika ce sauran duk surutun ofis ne. Ni mai digiri biyu na tsallake. Inna ta rubuta sunanta da ajami, a tsanake.

Robar ta zauna daram. Makaranta ta buɗe. A ranar farko Inna ta tsayar da wata tsohuwar ɗalibarta ta ce, “Hajiya Ladi, shekara biyu kina cinye wannan wasalin a ɓoye, yau na kama ki.” Kina bakin ƙofa kina dariya har da hawaye. Wannan hawayen ban taɓa zarginsa ba.

Wata shida da suka cika, bayan kin tashi zuwa ƙasar waje, aka turo ma'aikaciya da ambulan. Ta karɓe robar, wai za a auna yadda ta ci. Ashe yana nan a shafi na huɗu. Na fahimci dalilin, ai ni ma na zauna ajin koyon bincike. Abin da ban fahimta ba shi ne yadda ba wanda ya tambayi me za ta sa washegari.

Na samu wani a Kano mai irin injin. Ya ce fayil ɗin siffar kunnen kawai yake buƙata. Amsarki ɗaya tilo ita ce fayil mallakar binciken ne, in rubuta wa kwamitin da ke kula da shi. Na rubuta. Kwamitin ya watse tun da aka rufe aikin. Na ce wa Inna to mu je a sake aunawa, ta ce ba ta sake buɗe kanta ga wani, ai Rabi ta riga ta auna.

Kwanan baya na kalli bidiyon jawabinki a wani taro. Ga kunnen Inna a allo, shuɗi, yana juyawa, ya fi ƙofar zaurenmu girma. Kika ce al'umma ta karɓe ku hannu bibbiyu. Aka tafa. Kin yi kyau, Rabi, muryarki ko rawa ba ta yi. Sau uku na kalla, kuma abin haushi, duk ukun sai da na ji daɗi a raina cewa ƙawata ce. Har yanzu idan wani abin dariya ya faru a wurin aiki, ke nake fara tunawa.

Inna ta gwada komawa tsohuwar robar na mako biyu. Ran wata Laraba ɗaliba ta kai ƙarshen shafi ta ɗago tana jira, Inna ta ce, “Ba ni shaidar karatun da ban ji ba.” Mata uku ne saura izu biyu su sauke a hannunta. Ta ce za ta jira zuwa farkon Sha'aban, in ba labari ta miƙa su ga wata malama ta ajiye koyarwa gaba ɗaya.

Ban gaya mata amsarki ba. Na ce mata hanya ce da nisa. Ita kuma kullum bayan sallar la'asar tana sa ki cikin jerin 'ya'yanta, sunanki yana bin nawa. Ƙaryar tawa ba za ta wuce Sha'aban ba, kuma ban san da wane baki zan faɗa mata gaskiya ba. Fayil ɗaya ne, 'yar uwa. Ki turo.

Allah Ya ba ki sa'ar karatu, Ya tsare miki jinki da ganinki har tsufa, Ya sa duk wanda kika yarda da shi ya karanta miki takarda har ƙarshe. Amin.

Taki, duk da haka,
Bilkisu