Tururuwa a Ludayi

Litinin, 8 ga Yuli, 2024
Na dawo Karaye da kwalin digirina na ilimin abinci da ƙaramin sikeli. Yaya Hamida ta baro gidan mijinta a Rogo Ruma, za ta zauna da mu har ta haihu. Cikinta wata shida. Sunan ciwon nata fenilketonuriya: jikinta ba ya iya sarrafa wani sinadari, fenilalanin, da ke cikin nama, kifi, ƙwai, wake, gyaɗa, madara. Ita nata mai sauƙi ne, shi ya sa ba a gane ba sai da ɗanta na fari ya zo da ƙaramin kai da ciwon zuciya, bai kai suna ba. Idan sinadarin ya taru a jininta, ɗan cikin yake taɓawa. Wannan karon tun kafin cikin ta fara kiyaye abinci. Ni ce mai awo yanzu.

Alhamis, 25 ga Yuli
Rogo da safe, rogo da rana, don sinadarin ba shi da yawa a cikinsa. Kakarmu Iya Rekiya ta ce, "An kai ki Rogo aure, ashe cin sa aka kai ki." Yaya ta yi dariya har ta riƙe ciki. Garin maganin da ake kawo mata daga Kano kuwa, sai ta toshe hanci take sha. Ina tsaye a kanta har ta shanye.

Asabar, 17 ga Agusta
Na kama Iya tana jefa daddawa a miyar Yaya. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba. Na ce wannan guba ce a jininta, guba! Yaya tana bakin ƙofa. Ta juya ta koma ɗaki.
Guba ba ita ce kalmar da ke littafi ba. Amma ta yi aiki.

Lahadi, 22 ga Satumba
Kamilu, mijinta, ya zo da sabuwar gyaɗa dafaffiya, ya tuna, ya tura ta cikin aljihu kamar ɓarawo. Yaya ta ce, "Ba ni in sansana kawai." Ta sansana ta miƙa masa. Na shiga ɗaki na yi kukana. Sakamakon jininta na wannan makon yana inda likita ke so, alhamdu lillahi.

Talata, 1 ga Oktoba
Mace! Na roƙi ungozomar asibiti ta sake auna kan jaririyar. Daidai yake. Daidai.

Laraba, 2 ga Oktoba
Yaya ta ƙi ba jaririyar nono. Na yi mata bayani dalla-dalla: yanzu jaririyar da hantarta take aiki, ba kamar a ciki ba. An ɗebi jinin diddigenta an aika Kano, kuma likita ta ce a shayar kafin sakamako ya zo. Ko da ma tana da ciwon, ba a raba ta da nono gaba ɗaya, aunawa ake yi. Yaya ta juya fuska bango.
"Auta, ke kika ce guba ce a jinina. Nonon daga ina yake fitowa?"


Alhamis, 3 ga Oktoba
Mun dawo gida. Ƙirjinta ya cika yana zafi, yarinya na kuka, madarar gwangwani ake ɗiga mata da cokali. Na kira likita ta yi mata magana a waya. "To, likita," kawai ta ce, ta ajiye.
Iya ta ce gobe da hantsi za a gwada nonon irin na da: a tatsa a ludayi, a saka tururuwa. In ta fito da rai, nono lafiyayye ne. Na ce tururuwa ba ta da alaƙa da fenilalanin, kuma tana iya nutsewa ko a ruwan randa. Iya ta ce, "Likitar sikeli, naki ilimin ya sa ta ba ta nonon?"
Yaya ta ce ita ta yarda a gwada. To in tururuwar ta mutu fa? Shi ke nan, ba za ta shayar ba har abada.

Juma'a, 4 ga Oktoba
An yi. Iya ta ce idonta ba ya gani sosai, ni zan riƙe ludayin. Ta saki tururuwar a tsakiya. Ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, ƙafafunta suka fara sanyi. Yaya ta ƙura wa ludayin ido.
Sai ga ta a gefe, ta hau mariƙin, ta bi ta kan yatsana.
Iya ta rangaɗa guɗa. Yaya ta ce, "Miƙo min 'yata." Jaririyar ta kama nonon da ƙyar, sannan ta kama sosai. Ƙarar haɗiyarta har inda nake.
A rubuce: gwajin nan ba ya nuna komai, sakamakon Kano muke jira, kuma zan bi shi.
Ludayin ya ɗan karkata a hannuna, kuma ba rawa hannun ya yi ba. Iya da ba ta gani sosai ta matse min kunne a tsakar gida, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, mai rawar hannu."
Ban gyara mata ba.