Rabin Hankicin da Ya Tace Gahawa

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa a cikinta, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, 'Yar Gaggawata.

Ina gaishe ki gaisuwar wanda kewa ta cika wa ƙirji, da fatan kina lafiya, ke da Yaya da Anti da yara. Na so in kira ki farin wata, sai na tuna hasken wata na aro ne, naki kuwa daga cikinki yake fitowa. Na so in ce ke fure ce, amma fure ba ya daɗewa yake yanƙwanewa. Kin ga halin da nake ciki? Ko yabonki na tashi yi sai na tsaya na duba ko daidai ne. Ba banza kuka sa mini suna Sikeli a makaranta ba.

Albishir biyu nake ɗauke da su. Na farko, an ɗauke ni aiki a ɗakin gwajin ruwa. Ba a tabbatar da ni ba tukuna, kada in faɗa miki abin da ya wuce gaskiya, amma aiki ne, da kujerata da farar rigata. Na biyu shi ne ya hana ni zama wuri ɗaya: yau da safe na haɗa gahawar da ta yi daidai da wadda muka sha a bakin tafki!

Kin tuna safiyar nan? Muna shekarar ƙarshe, an kai mu ɗibar samfurin ruwa, mun kwana a tanti, raɓa ta jiƙa komai har takalmanmu. Ni da na shirya jakata tsaf, na zo da garin gahawa da buta da kofuna, amma na bar mataci a gida. 'Yan ajinmu suka ce in ɗauki takardar tace samfuri daga akwatin malam. Na ƙi, domin ba don baki aka yi ta ba, kuma ba tamu ba ce. Suka yi ta dariya, ni kuma na tsaya riƙe da buta kamar an dasa ni. Sai ga ki. Kika zaro sabon farin hankici, kika yaga shi biyu ba ko tsayawa, kika ɗauraye rabi da ruwan zafi, kika ɗaure shi a bakin kofi, kika ce, "Sikeli, riƙe nan, kafin ka gama nazari rana ta faɗi." Tururi ya tashi tsakanina da ke kamar hazon da ke kwance a kan tafkin. Wane ƙamshi ne ya taɓa kama ni irin wannan? Kika bar mini rabin da ya rine, ɗayan kika jefa a jakarki, kika ce na ranar da zan sake mantuwa ne.

Tun daga ranar nake bin ɗanɗanon nan kamar mai bin sawun barewa. Bayan mun gama karatu, ina zaune ba aiki, shagunan gahawa masu gilashi sun fi ƙarfina, ta leda kuwa ƙonannen sukari kawai nake ji a cikinta. Sai na gano ɗanyun 'ya'yan gahawa a wurin mai kayan ƙamshi, ga araha, ga auki. Ina soya su a tsohon kaskon Mama, ba mai ba ruwa, ina juyawa ba hutu har su fara ƙara kamar ƙirare a wuta, su koma launin ƙasar da ruwa ya jiƙa. In suka huce sai in daka su a ƙaramin turmi. Na koyi cewa in garin ya yi laushi kamar fulawa, ɗaci yake yi ya toshe ƙyallen. In ya yi tsaki-tsaki da yawa, sai ka sha ruwa mai launi. Kamar yashin bakin rafi ake so. Cokali biyu a kofi ɗaya. Ruwan kuma in ya tafasa a sauke shi, a jira ya daina ɓulɓula, a fara ɗiga kaɗan har garin ya kumbura kamar mai jan numfashi, sannan a zuba sauran a hankali.

Duk na kiyaye wannan, ya abar ƙaunata, amma ta ƙi zama irin taki. Mama takan kurɓa ta ce, "Gahawar nan taka ƙamshin sabon wanki take yi." Ni kuwa sai in yi godiya, na ɗauka yabo ne. Jiya ina shanya rabin hankicinki sai abin ya faɗo mini. Saboda naki ne, kullum da sabulu mai ƙamshi nake wanke shi, in goge shi da dutsen guga, in ninke. Ashe sabulun nake sha! Ke ruwan zafi kawai kika sa masa. Na dafa shi a ruwa zalla, yau na tace da shi, kurɓar farko ta mayar da ni bakin tafki, ga raɓa, ga dariyarki. Mama ta shanye kofinta tas, ta miƙo mini ta ce, "To, yau dai digirin ya yi amfani. Ƙaro."

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta miki. Yayanki ya kira ni, ya ce ranar Asabar za ku fita kwanan daji da iyali a bakin tafkin nan, in zo. Ya ce, "An cika mana kunne da gahawarka, malam, sai ka zo mu ji da bakinmu." Zuciyata ta yi tsalle kamar ɗan maraƙin da aka kwance. Na riga na shirya: garin zan daka da safen tafiya in toshe shi a kwalba kada ƙamshin ya gudu, butar kuma a kan garwashi zan ɗora, ba a kan harshen wuta ba, kada hayaƙi ya shiga ruwan. Wannan karon na duba jakar har Mama ta ce in bar ta ta huta.

Ya ke sanyin asubata, so nake idan na miƙa wa Yaya kofinsa, in durƙusa in roƙe shi izinin turo magabatana. Shi ya riƙe ki tun rasuwar Babanku, shi ya kamata ya fara ji, kuma yanzu ina da aikin da zan ambata masa ba tare da na sunkuyar da kai ba. Amma ta yaya zan buɗe baki ban ji daga gare ki ba? Kin yi mini murmushi, kin tsokane ni, kin yaba ni a gabansa, amma ba ki taɓa cewa e ba. Kin san ni, ba na gina komai a kan zato, ko da zaton ya fi zuma daɗi. Shin abin da nake ji shi kike ji, ko tausayin mai buta ne kawai ya kama ki a safiyar nan?

Ba sai kin rubuto ba, ba kuma sai kin faɗa a gaban mutane ba. Idan kin yarda, ki zo da ɗaya rabin hankicin. Nawa kofi ɗaya yake tacewa a lokaci guda, kuma na gaji da shan gahawa ni kaɗai. Idan na ga kin zaro shi daga jakarki, zan san in yi magana. Idan ban gan shi ba, zan tace da nawa, in ba kowa kofinsa, in ba ki naki da hannu biyu, in yi shiru, kuma ba za ki ga sauyi a fuskata ba, in dai zan iya.

Na yi miki alkawari, kuma kin san ba na faɗin abin da ban auna ba: muddin ina numfashi, kofin farko na kowace safiya naki ne, a ɗaki ko a daji, da aiki ko babu. Ki duba jakar tun yau, 'Yar Gaggawa, don Allah. Wannan karon kada ke ki yi mantuwa.

Naki, jiya da yau da duk abin da Allah ya rage mini,
Sikeli