Daga Kan Batur Nake Hango Gida

Inaq Sahnun, matata,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikoki, ya tarin naki?

Ina lafiya. Kullum asuba ina raka baƙi masu yawon buɗe ido kan Batur, dutsen nan mai aman wuta, ina dafa musu ƙwai a tururin dutsen. Gwiwa ce kawai take gardama.

Kin ce na manta gida. Haba, tsohuwa! Rana na fitowa, dutsen Rinjani namu na gida nake hange a ƙetaren teku. Jiya wata baƙuwa ta ce, "Baba, wa kake ɗaga wa hannu?" Na ce, "Matata. Shekara tara ba ta amsa ba."

Gwiwar ta ce bana ce ta ƙarshe. Bayan girbin shinkafa zan zo ki amsa min da baki.

Mijinki,
Amaq Sahnun