Kundin Baba da Gaisuwar Ɓarayi

Gumbihini, Tamale,
Laraba, 9 ga watan Safar.

Zuwa ga Yaya Rabi'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwar ƙani ga yayarsa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki zaune lafiya, ke da duk mutanen gida. Allah ya sauwaƙe miki ciwon gwiwoyin nan da ɗanki Abdul-Rahaman ya ce suna hana ki tsayuwar salla, Allah ya sa kaffara ne. Mu ma nan kalau muke, in ban da gajiyar da ta zama min kamar riga. Damina ta yi albarka, sabuwar doya ta fara shigowa kasuwa. Matata Mulikatu tana nan da kokonta na safe a ƙofar gida. 'Yarmu Shahida ta shiga shekara ta biyu a makarantar koyon jinya, yanzu ko tari na yi sai ta tambaye ni tun yaushe. Ni kuma ina nan a rumfata ina gyaran kekunan ɗinki, ido yana ja baya, teloli suna ƙara rashin haƙuri.

Yaya, na san labari ya riga wannan takarda isa Kazaure. Na ga kiranki har sau shida ban ɗauka ba. Ba raini ba ne, kunya ce. To bari in fara da abin da zai sa ki iya karanta sauran da kwanciyar rai: kundin Baba ya dawo. Yana nan gabana a kan akwati ina rubuta miki, cikin gafakarsa, da warin nan nasa na tsohuwar fata da tawada.

Kin san shekara ashirin da bakwai ke nan da na fito da shi daga gida bayan rasuwar Baba. Kin ce rubutun hannunsa ne, addu'o'insa ne da magungunansa, a ɗakinsa ya kamata su zauna. Na ce ni ne namiji. Ban manta waɗanda suka ce zan sayar da shi a hanya in ci abinci ba, kuma har yau ba su taɓa tambayar ko ina raye ba. Na sha yunwa a garin nan, na sayar da agogona da rediyona, kundi bai taɓa barin ƙasan akwatina ba. Sai ga shi rana ɗaya na fito da shi, don igiyar gafakar ta tsinke, zan kai wa baduku a unguwar Zongo. Kuma don kada ruwa ya taɓa shi, na sa shi cikin wata baƙar jaka ta kwamfuta da Shahida ta daina amfani da ita. Kin ji wautata ta farko. Tsoho da farar riga, riƙe da jakar kwamfuta a bakin titi, tamkar na rubuta a goshina cewa a zo a ɗauka.

Dole in bayyana miki yadda garin nan yake. A Tamale kowa da babur, mata da maza, har tsofaffi masu goyon jikoki. Shekarun nan duka da kunne muke tafiya a titi: ka ji ƙara a bayanka, ka matsa gefe, ka rungume kayanka. To yanzu an kawo wasu babura masu batir, caji ake yi musu kamar waya, ba ƙara ba hayaƙi. Masu kai saƙo suna amfani da su, ma'aikata ma haka. Ɓarayi kuma suka ga abin ya yi musu daidai. Mutum biyu a kan babur ɗaya, hular kwano a ka, takunkumi a fuska, kafin ki juyo sun fizge waya ko jaka sun shige lungu. Na ji labarin sau da yawa a masallaci, ina jinjina kai kamar abin da ke faruwa a wata ƙasa.

Ranar Litinin ce bayan azahar, rana tsaka, a kan hanyar Aboabo. Ban ji zuwansu ba, sai dai na gan su a gefena sun rage gudu. Ina riƙe da jakar gam a hannun dama, kuma wallahi da sun ja a lokacin da ba su samu ba. Amma ba su ja ba. Na bayan ya sunkuya ƙasa-ƙasa a kan sirdi, irin yadda Dagomba ke russuna wa babba, ya gaishe ni da gaisuwar rana, har da kirana Baba. Yaya, ke kin san gidan da muka tashi. An gaishe ka, ka amsa, kuma ba da hagu ba. Ina ganin takunkumi a fuskarsu, ina ganin komai, amma hannuna bai tsaya shawara da ni ba. Na mayar da jakar hagu, na ɗaga dama ina amsawa. Ban rufe baki ba na ji an fizge. Na bi jakar na faɗi a bakin kwata, kafaɗa ta bugu, gwiwa ta goge. Na ɗago na ga bayansu suna tafiya shiru, kamar ba su taɓa zuwa ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne da ladabi suka yi min sata.

Na je ofishin 'yan sanda, wani jami'i ya karɓe ni da mutunci ya rubuta komai, da ya tambaye ni darajar abin da ke cikin jakar na ce masa ba shi da farashi. Na dawo gida zuciyata tana tafasa, a nan na yi wauta ta biyu, wadda ta fi ta farko muni. Akwai maƙwabcina Wumpini, Badagombe ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu, yana da shagon cajin wayoyi da batiran baburan nan, shi ma yana hawan ɗaya. Na tsaya ƙofar shagonsa a gaban mutane na ce shi ne mai ba dawakin ɓarayi ci da sha. Na ce shekara ashirin da bakwai ina zaune a garinsu ban taɓa ɗaukar allurar kowa ba, ga sakayyata. Na faɗi abubuwa a kan mutanen garin nan gaba ɗaya, na manta matata 'yar garin ce, tana tsaye tana ji. Kwana huɗu Mulikatu tana ajiye min abinci ba ta ce min ci kanka ba, kuma da gaskiyarta.

Wumpini bai rama ba. Washegari ya zo har rumfata ya russuna ya gaishe ni, na amsa da ƙyar, hannuwana biyu a cikin aljihu. Ya tambaye ni abin da ke cikin jakar, na gaya masa. Sai na ga fuskarsa ta saki. Ya ce in haka ne in daina kuka, domin ɓarawon garin nan zai sayar da wayar uwarsa, amma in ya buɗe jaka ya ga rubutun malamai da sunayen Allah, ba zai ƙona ba, ba zai jefa a bola ba, ba zai ma iya kwana da shi a ɗaki ba. Zai nemi masallacin da ba a san shi ba ya ajiye a wuri mai tsayi ya gudu. Na ce masa ɓarawon da ya mayar da gaisuwa tarko ba shi da sauran tsoron komai. Ya ce gaisuwa ta mutane ce, wannan kuwa ba da mutane zai yi ba.

Kwana uku bawan Allahn nan yana rufe shagonsa tsakanin azahar da la'asar, yana bin masallatai ɗaya bayan ɗaya. Ya gama Gumbihini, ya je Vittin, ya dawo ba komai. Ran Juma'a da hantsi ya zo ya ce ya ji labarin an tsinci wani abu a wani masallaci, in hau babur ɗinsa mu je. Na hau bayan irin babur ɗin da na yini huɗu ina tsine wa, kuma tunda na ɗauki alkawarin faɗa miki gaskiya, bai jijjiga min baya ba ko kaɗan. Muka je wani ƙaramin masallaci a Kalpohin. Limamin, Afa Mudasiru, haka suke kiran malami a nan, ya ce tun ran Talata ladan ya tsinci abu a saman taga. Ya miƙo min. An naɗe gafakar cikin farin ƙyalle sabo fil, an ɗaure da zare. Jakar kwamfutar dai sun riƙe abarsu, Allah ya sa ta ishe su. Na zauna a tabarma na kwance zaren, sai ga kundin Baba. Na nemi gafarar Wumpini a wurin, da muka dawo kuma na sake nema a ƙofar shagonsa, da murya daidai da wadda na zage shi da ita, tunda a can na yi laifin.

Sai dai da na zauna a gida ina jera takardun, don sun hargitsa su, na ga babu ɗaya. Takardar nan da Baba ya rubuta sunayenmu da ranakun haihuwarmu, da addu'ar matafiyi a ƙasanta. Na juya kundin sau uku babu ita. Na koma tsinuwa sabuwa, na ce sun zaɓi wadda ta fi tsada sun yaga don mugunta. Ina cikin haka Mulikatu, wadda ta fara yi min magana a ranar, ta ce in sassauta wa ɓarayi, wannan ba aikinsu ba ne. Ta ce zuwanmu Kazaure shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kin kira ta ɗaki kin nuna mata takardar a ƙasan adakarki. Kin ce tun ranar da zan tafi kika zare ta, don in na nema na rasa in dawo gida, kuma kin sa ta rantse ba za ta faɗa min ba sai na lura da kaina.

Yaya, na yi dariya har kafaɗar da ta bugu ta amsa, daga baya kuma abin ya daina ba ni dariya. Shekara ashirin da bakwai ina taƙama ni ne mai tsaron kundin Baba, ashe ban taɓa buɗe shi har ƙarshe ba. Na yi faɗa da ke a kansa, na rufe shi a akwati, na zauna a kai. Ke kuma kina can kina jiran in lura. Sai da ɓarayi biyu masu rufaffiyar fuska suka buɗe min shi. Ban yafe musu faɗuwar da na yi ba, ban yafe musu gaisuwar ba, domin yanzu in yaro ya russuna min a titi sai na fara duba hannunsa, kuma wannan ba ƙaramin abu suka ɗauke min ba. Amma tsinuwar da na yi musu a kan takardar na janye ta, tunda ɓarauniyar tana Kazaure tana fama da gwiwa.

Kada ki ba kowa ita ya kawo min. Ki bar ta inda take. Baduku ya gyara igiyar, Alhaji Sidiki mai kawo miki wannan takarda zai sake hawowa bayan Mauludi, na riga na ce ya riƙe min kujera a motar da zai bi. A ƙirjina zan ɗaure kundin, ƙarƙashin riga, ko wa ya gaishe ni a hanya da ka zan amsa. In na iso, ke za ki mayar da takardar wurinta da hannunki, kuma a ɗakin Baba zai zauna kamar yadda kika ce tun farko.

Ki gaishe min da Abdul-Rahaman, in shi ke karanta miki to ya rage murya a wurin ɓarauniya. Ki gaida matarsa Zuweira da yara, da Yazeed in ya dawo daga gona, da waɗanda suka ce zan sayar da kundi, su ma a gaishe su. Mulikatu da Shahida suna gaishe ki. Wumpini ma ya ce in miƙa gaisuwarsa ga babbar yaya, ko da yake bai san ki ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki,
Tijani