Shuɗin da ke Bayan Auduga Ba Naku Ba Ne

Zuwa ga Likitan Dabbobi mai zuwa gidan gonar kiwo da ke kan hanyar Zugu,

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Hajo, ɗiyar makiyayin da ke kula da shanun gonar. Ba za ka gane ni ba, don duk zuwan da ka yi, abin da ka gani nawa bai wuce gefen mayafi a bayan rumbu ba. Karatuna firamare ne, can ma sai da malami ya haƙura da yi mini tambaya, saboda da an kira sunana muryata take guduwa ta bar ni tsaye. Shi ya sa na zaɓi takarda, ita ba ta kallon mutum.

Zan fara da abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Inna. Farar maraƙar nan da ke kwance yanzu, wadda Baffana, wato mahaifina, yake cewa maganinka bai yi mata aiki ba, ko ɗigo ba ta sha ba. Ni na hana.

Sunanta Auduga. Uwarta ce saniyar da aka ba ni ranar sunana, don haka tawa ce ta kaina. Ranar Larabar da kuka zo, bayan an gama yankan gero, maruƙa goma sha tara na ɗaure muku a dangwali, igiyar da muke jera su. Tun bara na lura cewa duk wanda aka yi wa allura aka ɗura masa magani a baki, sai a shafa masa shuɗin fenti a gadon baya, ba a sake waiwayarsa. Da kuka tafi sallar azahar kun gama goma sha ɗaya, sai na jiƙa bular da Inna ke wanke fararen kaya da ita, na dama da ƙaro don ta kama gashi, na shafa wa Auduga, na mai da ita cikin waɗanda aka gama. Kwana uku hannuna yana shuɗi. Inna ta yi ta yabona, wai na fara son wanki.

Laifi nawa ne, na ɗauka. Amma ina da ƙorafi a kanku, kuma ga shi.

Na ɗaya. Bara an yi wa maraƙin Inna allura a wutsiya. Wurin ya kumbura, ya yi ruwa, ƙarshen wutsiyar ya guntule ya faɗi. Har yau Guntu muke kiransa, ƙuda na cin sa yana kaɗa abin da babu. Ba wanda ya dawo ya duba shi, ba wanda ya ce mana hakan yakan faru ko ga abin da za a shafa. Ni na riƙa wanke ciwon da ruwan gishiri. Da na ga allurarku bana, wutsiyar Auduga kawai nake gani a ƙasa.

Na biyu. Kuna yin bayani ga maza a gindin tsamiya, alhali su da hantsi suke fita da manyan shanu. Maruƙa a hannunmu suke, mu mata da 'yan mata. Mu muka san wanda ya ƙi nono, da wanda yake zawo, da wanda yake cin ƙasa. Da ka tambaya ko akwai mai tambaya, fuskarka wajen tsamiya take. Ni ina da ita. Na yi sati ina maimaita wa Auduga ita. Na fito daga bayan rumbu, na yi taki uku, wani ya yi tari, sai na juya na hau korar kazar da ba ta yi mini komai ba. Na san wannan kunyata ce. Amma da ka juyo ko sau ɗaya ka ce, ku masu dangwali fa, wataƙila Inna ta faɗa a madadina.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Ban san allurar daban take, maganin baki daban ba. Na ɗauka duk abu ɗaya ne. Sai daga baya na ji ana cewa allurar ta ciwon huhu ce, na bakin kuma na tsutsar ciki ne, wadda maruƙa ke kwasa a ciyawar fadama da damina. Da an faɗa mana wannan da Hausa, magana ɗaya tak, da na bari an ɗura mata. Na tsare wutsiya na bar ciki. Yanzu wutsiyar tana nan lafiya lau, doguwa, har da gashinta. Sauran jikin ne ya tafi. Haƙarƙarinta a waje, gashinta a tsaye, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura kamar an ɗura ruwa, kwana tara ke nan tana zawo.

Na huɗu. Alamarku ba ta da tsaro. Ni da nake zuwa ta kusa da ƙarshe a aji na kwaikwaye ta da bula da ƙaro. Ɗaya daga cikin ma'aikatanka ma ya shafa bayan Auduga, ya ce wannan an yi mata da kyau. Shi ne yabo mafi girma da aikin hannuna ya taɓa samu. Ba wanda ya ƙirga. Goma sha tara na ɗaure, goma sha takwas kuka yi wa, kuka hau babura kuka tafi.

Abin bai tsaya kan Auduga ba. Baffa ya ce maganin bana ruwa ne. Ya faɗa a masallaci, ya faɗa a kasuwar Gummi. Ya ce shanun mai gona a yi musu duk abin da aka ga dama, amma nasa ba mai sake taɓa su, kuma maƙwabtanmu gida huɗu sun ce suna bayansa. Duk wanda ya yi masa gardama, sai ya jawo shi ya nuna masa shuɗin da ke bayan Auduga, ya ce ga shaida, an ba ta kuma ga ta nan kwance. Ni ina tsaye a gefe da ƙwaryar dusa. Ƙaron nan ya kama fiye da yadda na so.

Don haka ina roƙonka, don Allah, ka zo ko ka aiko a duba Auduga cikin satin nan, tun tana iya ɗaga kai. Ka tsaya ka gaya wa Baffa da maƙwabta cewa sauran goma sha takwas ɗin duk suna tsalle. In kun dawo baɗi, ku yi bayani a bakin dangwali, inda mata za su ji, ku faɗi abin da za a yi in wutsiya ta kumbura. Kuma ku riƙa ƙirgawa, don ba na zaton ni kaɗai ce mai bula a ƙasar Bukkuyum.

Na rubuta wannan takarda sau biyu. Ɗaya zan ba mai kabu-kabun da ke ɗaukar nono ya kai maka, ɗaya kuma za a manna a ƙofar gona, duk mai iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Yau da safe na dafa ruwa, na wanke bayan Auduga da sabulu har ya koma fari tas. Da la'asar Baffa zai dawo daga kiwo, zai nemi shaidarsa ya rasa. Na riga na ɗaure ta a bakin dangwali, wuri na farko, na ajiye kujerata kusa da ita. Daga nan zuwa rumbu da nisa, na auna, ba inda zan ɓuya in ya tambaye ni.

Allah ya ƙara maka lafiya da haƙuri da irinmu, ya tsare ka a hanya zuwa da komawa, ya sa albarka a hannunka.

Wassalam.

Ɗiyarka,
Hajo, mai Auduga.