Shuɗiya Tana Tofar da Giya ta Uku

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida baki ɗaya. Ni ce Auta, 'yar yayanka tela. Rabonka da ni tun ina goye, don haka in ka ce ba ka gane ni ba, ba zan ji haushi ba. Adireshinka a bayan tsohon littafin awo na Baba na samo shi. Ya rubuta ya soke, ya kuma sake rubutawa a ƙasa.

Yanzu ni ke zaune a shagonsa, a kan kekensa na ɗinki. Shi idonsa ya yi rauni, zuciyarsa kuma likita ya ce a lallaɓa ta. Yini yake a kujerar bakin taga, rabi barci rabi farke. In ya buɗe ido sai ya ce ya dawo daga yawo a kan Shuɗiya, wai hanya ta miƙe, itatuwa na wucewa ɗaya-ɗaya, iska na cika masa riga.

Ka dai tuna Shuɗiya, babur ɗinsa. Shekara ashirin da shida tana jingine a ɗakin ajiya ƙarƙashin tsummokaran atamfa. Wata bakwai ke nan ina fama da ita, kullum da la'asar in na rufe shago. Mai walda na kusa da mu ya koya mini tuƙi da riƙe sifana. Na wanke tanki da kabureta, na sa sabon fulogi da sarƙa. Ranar da ta tashi, Baba ya yi murmushin da na manta yana da shi.

Sai dai ga inda na maƙale. Giya ta ɗaya lafiya, ta biyu lafiya. Da na sa ta uku, ta ɗauki hanya, muryarta ta daidaita, sai kawai ta tofar da ita ta faɗa firi, inji na ihu ba ya jan komai. Na tambayi Baba, sai ya juyar da kai wajen taga ya ce, "Mutum ɗaya ne ya san cikin Shuɗiya."

Burina in goya shi a baya, ko sau ɗaya ne, ya bi hanyar nan ido biyu. Ba zan ɗora shi a kan babur mai sakin giya ba. Ka taimake ni, Baffa.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, mun gode Allah, kowa lafiya. Na gane ki sarai. Ke ce kika taɓa haɗiye mini ƙaramin noti, muka yini a tsaye muna jiran ya fito.

Tela da gyaran babur! To Allah ya kyauta. Ki saurara, kuma ki bi a jere, kar ki yi mini tsallake irin na masu ɗinkin sauri.

Ki fara da wayar kulochi. Ki matsa hannun kulochin, ya kamata ya yi ɗan wasa kamar kaurin farcenki biyu kafin ya kama. In ya yi tauri ki sassauta, in ya yi laƙo-laƙo ki ɗaure. Daga nan ki zubar da baƙin man nan tun inji na da ɗumi, ki tare shi a farin kwano, ki kai rana ki duba. In kin ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, haƙoran giya ne ke cin juna. In babu, ki kwance murfin gefen hagu. Akwai ɗan sifirin da ke danne giya a mazauninta, in ya gaji ki canza shi. Noti kuma kowanne ki ajiye shi a jeren da kika cire shi, ba a cikin gwangwanin maɓallai ba.

Ni na bar aiki, hannu ya fara rawa. Yanzu zama nake a ƙofar gida ina sauraron baburan da ke wucewa, ina faɗa wa kowanne ciwonsa a raina. Jiya wani ya wuce da irin muryar Shuɗiya. Na ajiye shayina na bi shi da kallo har ya sha kwana.

Shawarata ta gaskiya, ki mayar da ita ƙarƙashin tsummokaranta. Amma na san jinin gidanmu, ba za ki ji ba.

Kujerar bakin tagar nan, har yanzu ƙafarta ɗaya gajera ce? Ki sa mata kwali.

Baffanki

*

Baffa,

Ina gaisuwa, da fatan rawar hannun ta yi sauƙi. Kujera na sa mata kwali. Baba ya ji ta daina girgiza, ya ce wa ya faɗa mini? Na ce kai ne. Sai ya daɗe yana shafa hannun kujerar.

Na bi maganarka a jere. Kulochi daidai yake. Baƙin mai na kai shi rana, fuskata kawai na gani a ciki da gajimare. Sifirin na canza duk da haka. Na hau, na sa ta uku a miƙaƙƙen layin bayan makaranta, na fara jin daɗi har ina tunanin wata riga da zan yanka, sai ta tofar.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mai walda ya karɓa ya zagaya unguwa sau biyar, ko sau ɗaya ba ta yi masa ba. Ya dawo yana dariya, wai 'yan gida kawai Shuɗiya take rainawa. Ni ban yi dariya ba, don na fara jin tsoron ko fushi take da mu.

Baffa, ni ban san abin da ya raba ku ba. Abin da na sani, Baba ya faɗi da babur a gangaren gada ina jaririya, ƙugunsa ya karye, tun daga nan yake ɗingishi, kai kuma ka bar gari. In na tambaya sai a aike ni ɗebo ruwa.

Shekaranjiya ya farka daga barcin rana ya ce a mafarkin wannan karon ba shi kaɗai ba ne, akwai wani a bayansa yana yi masa faɗa. Na ce wa? Ya ce, "Wa kuwa ke yi mini faɗa a kan babur?" Ƙafafunsa sun fara kumbura. Likita ya daina cewa mu dawo bayan wata, yanzu bayan mako yake cewa. Ina jin tsoro, Baffa. Ka zo ka buɗe akwatin giyar nan da kanka.

Auta

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ba zan zo ba, kuma tunda kin girma bari in faɗa miki dalili.

Ki girgiza ambulan ɗin nan, wata 'yar washa za ta faɗo. Siririya ce, kamar zoben yara. Mazauninta bayan giya ta uku, ita ke hana giyar zamewa gefe.

Kwana biyu kafin Yaya ya faɗi, ni na kwance akwatin giyar Shuɗiya na sake haɗawa. Ina ta sauri don in nuna masa ƙaninsa ya zama cikakken bakanike. A gangaren gada giya ta uku ta kuɓuce masa, babur ta sulala ba abin da ke riƙe ta, ya taka birki a kan yashi. Ina tsaye a barandar asibiti na sa hannu a aljihun rigar aikina, sai na ji wannan washa. Wato na rufe inji na bar ta a waje.

Mahaifiyarmu ta tambaye ni a gaban kowa, "Ba kai ka gyara ba?" Na ce ni ne. Yaya yana kwance ya juya fuska bango, bai ce uffan ba. Da ya zage ni da na zauna. Shirun nan ne ya kore ni.

Tun ranar washar nan ba ta bar aljihuna ba. In an wanke riga sai in mayar da ita sabuwa. Wani lokaci in ina gyangyaɗi sai in gan ni a tsohon garejinmu, rana na shigowa ta hujin kwanon rufi, ina zura ta a mazauninta a hankali, Yaya na tsaye yana cewa in yi sauri. Sai in farka in ji ta a aljihu.

Ki buɗe akwatin, ki sa ta, giyarki za ta zauna. Ki goya shi ki kai shi yawonsa. Kar ki ce masa daga wurina ta fito. Mutumin da na mayar gurgu ba ni da fuskar da zan dube shi.

Baffanki

*

Baffa,

Ina gaisuwa. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta, ka ajiye shayin.

Na shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin yanka, na buɗe akwatin giya, na jera komai kamar yadda ka koya mini. Na zare giya ta uku. Baffa, akwai washa a bayanta. Tana nan daram, ko tsatsa babu. Na ɗora taka a kanta, taka ta fi siranta, gefe ɗaya ya cinye. Tsohuwar ce da ka cire. Ka sa sabuwa, ka jefa tsohuwa a aljihu, ka manta. Shekara ashirin da shida kana yawo da shara.

Na mayar da komai, na rasa abin yi. Sai na kafe Shuɗiya a kan ƙafarta ta tsakiya a tsakar gida, tayar baya a sama, na tayar da ita don Baba ya ji. Ya ce a ɗora shi. Ni da mai walda muka ɗaga shi. Ya riƙe kan babur, ya sa ɗaya, ya sa biyu, ya sa uku, taya na juyawa a iska, ya lumshe ido.

Ka san ƙarfen sa giyarta mai baki biyu ne, gaba na yatsu, baya na diddige. A ta uku kuwa muryarta sak keken ɗinki in ya samu dogon layi. Ina kallo ƙafar Baba ta hau ƙarfen nan ta fara lilo, yatsu, diddige, yatsu, diddige. Ɗinki yake, Baffa! Bai kai minti ba giya ta faɗa firi.

Na ce mai walda ya kalli ƙafata, na hau. Da hankalina ya tafi, ni ma haka. Ƙafar tela ce, in ta ji wannan murya ba ta san ta bar shago ba. Shi ya sa ba ta taɓa yi wa mai walda ba. Shuɗiya lafiyarta ƙalau, mu ne marasa lafiyar.

Na ci amanarka, na karanta wa Baba takardarka duka. Ya yi kuka har na tsorata da zuciyar nan. Ya ce in rubuta maka wannan yadda ya faɗa, kar in gyara:

"Ƙanina, ƙafata ce. Tun a gadon asibiti na sani, na ji lokacin da na taka. Sau nawa kana ce mini in sauke ƙafa daga kan giya? Kunya ta sa na juya bango, na ce gobe zan faɗa. Da goben ta zo ka tafi. Ban san kana ɗauke da wani ƙarfe ba. Ka yafe mini. Ka zo ka yi mini faɗa."

Ni dai ban iya hana ƙafata ɗinki ba tukuna, don haka ba zan goya shi ba. Direba muke nema. Likita ya ce in za a yi yawon, kar a ja lokaci.

'Yarka, Auta

*

Auta,

Na karanta sau uku. Inna, matata, ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa ganin ina dariya da kuka a haɗe ba.

Ina tafe ranar Alhamis a motar safe. Ki duba iskar taya, ki ɗaura filo a kujerar baya. Hannuna na rawa, amma in ya riƙe kan babur yana nutsuwa.

Washar nan ki jefar. Tun da na aiko miki da ita nake laluben aljihu, yau na daina.

Ki ce wa Yaya ni zan tuƙa, shi yana baya. In ƙafarsa ta ga dama ta yi ta ɗinki har mu wuce gada. Ki ce masa ya jira ni.

Baffanki